Babi na Huɗu: Haɗurran Tiyata Daga Askar Wanzami Zuwa Wuƙar Likita

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren ayyukan da wanzamai suke gudanarwa a jikin ɗan'adam a ƙasar Hausa, kamar kaciya da cire beli da ƙaho da tsaga, an kuma kawo kayan aikin da suke zubawa a cikin zabira. A wannan babi kuwa za a duba haɗurran da ke tattare da yanka jikin mutum domin neman lafiya, ko wanzami ne ya yi yankan a zaure ko kuwa likita ne ya yi shi a asibiti. Dalilin haɗa su wuri guda shi ne, jikin da ake yankawa ɗaya ne, saboda haka hanyoyin da haɗari yake biyowa ba su da wani bambanci. Inda bambancin yake shi ne irin tanadin da kowannensu ya yi domin tarar haɗarin idan ya zo.

Tun daga kalmomin da Bahaushe yake amfani da su ana iya gane yadda ya ɗauki wannan al'amari. Kalmar "fiɗa" ta mahauta ce, wato feɗe dabba bayan an yanka ta, kuma da ita aka laƙaba wa mai wannan aiki sunan "likitan fiɗa". Ita kuwa "tiyata" an aro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin ɗakin da ake gudanar da aikin, daga baya ta koma sunan aikin kansa. Sai dai a maganar yau da kullum an fi sakaya zancen, a ce "an yi masa aiki". Mutumin da ya kwatanta abu da aikin mahauci ba abin mamaki ba ne idan ya ji tsoronsa, alhali shi ne yake miƙa jaririnsa ɗan kwana bakwai ga wanzami ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

4.1 Bambancin Haɗari da Matsala da Sakaci

Ya kamata a fara rarrabe waɗannan abubuwa guda uku domin jama'a sukan cakuɗa su. Haɗari shi ne yiwuwar aukuwar wani abu marar daɗi, wanda ake iya ƙiyasta shi tun kafin a fara aiki. Matsala ita ce abin da ya riga ya auku a lokacin aikin ko bayansa, alal misali ɗinki ya yi ruwa ko zazzaɓi ya rufe majiyyaci. Sakaci kuwa shi ne mai aikin ya bar abin da ya wajaba a kansa, kamar ya manta da auduga a cikin ciki, ko ya yi amfani da askar da ba a tsabtace ba. Matsala tana iya aukuwa ko da an yi komai bisa ƙa'ida, don haka ba kowace matsala ce take nuna sakaci ba. Haka kuma jin zafi da kumburi da tabo abubuwa ne da ake sa ran gani bayan kowane yanka, ba a lissafa su cikin matsaloli sai idan sun wuce kima.

4.2 Zubar Jini

Wannan shi ne haɗarin da wanzamai suka fi sani kuma suka fi tsoro. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, yana kuma iya rasa rabin lita ba tare da ya galabaita ba. Jariri sabuwar haihuwa mai nauyin kilo 3 kuwa, duk jinin jikinsa bai wuce mililita 250 ba, wato bai cika kwalbar lemo guda ba. Ke nan jinin da babba zai gani a tsumma ya ce kaɗan ne, yana iya zama babban kaso na abin da jaririn ya mallaka. Bugu da ƙari, jarirai suna zuwa duniya da ƙarancin sinadarin bitamin K, wanda yake taimaka wa jini ya daskare, shi ya sa ake yi musu allurarsa a asibiti da zarar an haife su. Jaririn da aka haifa a gida bai samu wannan allura ba, kuma shi ne ake cire wa beli a makon farko, wasu a rana ta uku wasu ranar suna. Abin da ya ƙara tsananta haɗarin cire beli shi ne, raunin yana can cikin maƙogwaro inda ba a iya danne shi da hannu, kuma jaririn yana haɗiye jinin, sai iyaye su zaci ya tsaya. Ba a ankara sai an ga jikinsa ya yi fari ya daina kama nono.

A wajen kaciya ma akan samu yaron da jininsa ya ƙi tsayawa. Idan haka ta faru akan ce wani abokin gaba ne ya gwada wanzamin, sai a shiga neman makari. A ilimin likitanci kuwa an san wata cuta ta gado wadda take hana jini daskarewa, wadda maza ne suka fi kamuwa da ita, kuma ta wajen uwa suke gadonta. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi kafin kowace kaciya ita ce ko an taɓa samun mai irin wannan zubar jini a dangin uwar yaron. Wajibi ne kuma a yaba wa magabata a kan wasu dabarunsu. Garin bagaruwa da ake barbaɗawa a rauni yana da sinadarin da ke tsuke fata ya rage tsattsafar jini, sai dai ba ya iya toshe jijiyar da aka yanke.

A asibiti ana ɗaure jijiyar da zare ko a ƙone bakinta da na'ura. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, domin Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus wanda ya rasu a shekarar 1013, ya yi bayanin ɗaure jijiya da lalas a cikin littafinsa At-Tasrif. Abin da ya zo daga baya shi ne ƙarin jini, wanda bai zama abin dogaro ba sai bayan da Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a birnin Biyana a shekarar 1901. Duk da haka ƙarin jini yana da nasa haɗarin idan aka saka wa mutum wanda bai dace da rukuninsa ba, ko wanda ba a tantance ba. Matsalar da aka fi fuskanta a asibitocinmu ita ce rashin jinin a ajiye, inda akan ce 'yan'uwa su kawo masu bayarwa, su kuma su yi ta noƙewa saboda camfin cewa wanda ya ba da jini ba zai sake yin ƙarfi ba. Gaskiyar magana ita ce, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki yana mayar da shi cikin 'yan makonni.

4.3 Shigar Ƙwayoyin Cuta

Fata katanga ce tsakanin jiki da ƙwayoyin cuta, duk wanda ya yanka ta ya buɗe musu ƙofa. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 majiyyata da yawa a asibitocin Turai suna tsallake aikin lafiya, sannan ruɓewar rauni ta kashe su bayan 'yan kwanaki. A shekarar 1867 ne Joseph Lister, wani likitan fiɗa a birnin Gilasgo, ya bayyana yadda yake wanke rauni da kayan aiki da sinadarin kabolik, kuma daga nan ne aka ɗora har aka kai ga turara kayan aiki a tukunyar tururi da sanya safar hannu.

Bahaushe ya lura da wani ɓangare na wannan tun da daɗewa, shi ya sa aka fi yin kaciya a lokacin sanyi, domin an ga rauni ya fi saurin bushewa kuma ƙuda sun yi ƙaranci. Amma akwai abin da ido ba ya gani. Aska ɗaya da aka yi wa yara goma kaciya da ita a safiya guda, ana share ta da tsumma kawai, tana iya ɗaukar ƙwayar ciwon hanta ko ta ƙanjamau daga wani zuwa wani, kuma alamun ba za su bayyana ba sai bayan shekaru, lokacin da babu mai tuna wanzamin. Haka nan ƙwayar tetanus, cutar da take sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, don haka barbaɗa toka ko ƙasa a kan rauni ko cibiya gayyato ta ne. Jaririn da ya kamu da ita yakan daina shan nono ya riƙa miƙewa yana sandarewa, iyaye kuma su ce iska ce ta taɓa shi.

Asibiti ma bai tsira ba. Raunin aiki yakan nuna alamun kamuwa ne daga kwana uku zuwa mako guda ko fiye, wato ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ya riƙa fitar da mugunya, ga kuma zazzaɓi. Masu ciwon sukari da masu shan taba da waɗanda ba su samun isasshen abinci sun fi faɗawa cikin wannan matsala.

4.4 Maganin Barci da Allurar Kashe Zafi

A nan ne aka fi samun tazara tsakanin ɓangarorin biyu, domin wanzami ba shi da wannan haɗari tunda ba ya kashe zafi, jarunta ce ake nema daga yaro, kuma rashin kuka abin alfahari ne ga iyayensa. A Turai da Amurka ma haka ake yi har zuwa ranar 16 ga Oktoba 1846, lokacin da William Morton ya nuna amfani da iskar eta a bainar jama'a a wani asibitin birnin Boston.

Tsoron da aka fi ji daga bakin mutane shi ne kada a yi barcin a kasa farkawa. A ƙasashen da suke da cikakkun kayan aiki, mutuwar da maganin barci kaɗai yake haddasawa ba ta wuce kimanin mutum ɗaya cikin 100,000 ba. Adadin ya fi haka nesa ba kusa ba a wuraren da babu ƙwararren mai ba da maganin, ko babu iskar numfashi da na'urar auna ta a jini. Wani haɗarin kuma daga majiyyaci yake fitowa. Ana umurtar wanda za a yi wa aiki ya bar cin abinci na tsawon awa 6, ruwa zalla kuma awa 2, saboda idan ya yi amai yana cikin barci abincin yana iya gangarawa huhu. Sau da yawa tausayi yakan sa 'yan jinya su ba shi koko ko fura a ɓoye don kada ya shiga da yunwa, ba su san illar da suke jawo masa ba. Haka kuma ɓoye wa likita cewa ana shan wani jiƙo ko ƙwayar sa kuzari ko maganin hawan jini, yana hana shi ƙiyasta abin da zai bayar daidai. Ita kuwa allurar gadon baya da ake yawan yi wa mata masu haihuwa ta hanyar aiki, tana iya saukar da ƙarfin bugun jini na ɗan lokaci, wasu kuma su yi ciwon kai na 'yan kwanaki, amma shanyewar ƙafa da ake ta yayatawa abu ne da ba safai yake aukuwa ba.

4.5 Taɓa Gaɓar da ba Ita Aka Nufa ba

Gaɓoɓin jiki a cunkushe suke kusa da juna. Mai cire maƙoƙo yana aiki ne dab da jijiyar da take motsa maƙogwaro, idan ta taɓu murya takan dishe. Mai fitar da jariri ta hanyar aiki yana dab da mafitsara. Likita yana rage wannan haɗari ne da sanin tsarin jiki da isasshen haske, da kuma kasancewar majiyyaci a kwance ba ya motsi.

Misalin da ya fi muni a ɓangaren gargajiya shi ne yankan gishiri, wanda wanzami ko ungozoma suke yi a gaban mace saboda doguwar naƙuda ko wasu larurori, ba tare da ganin inda askar take tsayawa ba. Idan ta zarce ta huda mafitsara sai yoyon fitsari ya biyo baya. Wani bincike da Tahzib ya buga a shekarar 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya nuna cewa kimanin kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne sanadinsu, mafi yawan sauran kuwa doguwar naƙuda ce. Abin lura a nan shi ne, ita doguwar naƙudar aikin asibiti ne maganinta, wato aikin da aka guje wa tun farko. Daga baya kuma sai an koma ga tiyata domin gyara, a cibiyoyi irin su Babbar Ruga a Katsina. Jamhuriyar Nijar ta haramta kaciyar mata a shekarar 2003, Nijeriya kuma ta yi dokar tarayya a kan haka a shekarar 2015.

4.6 Kwanakin da Suke Biyo Bayan Aiki

Da zarar an turo majiyyaci daga ɗakin tiyata 'yan'uwa sukan yi hamdala su watse, a ganinsu an tsallake. Bincike ya nuna akasin haka. A shekarar 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani nazari da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, wanda ya shafi majiyyata 11,422. An samu cewa kimanin kashi 18 cikin 100 sun gamu da wata matsala, kashi 2 sun rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Duk da cewa yawancinsu masu ƙarancin shekaru ne, yiwuwar mutuwarsu ta ninka matsakaicin abin da ake samu a duniya sau biyu. Dalilin da masu nazarin suka fi jingina abin da shi shi ne ƙarancin ma'aikatan da za su lura da majiyyaci su gane yana taɓarɓarewa tun da wuri.

A ganin mai wannan bincike, wannan batu ya shafi al'adarmu kai tsaye, domin a asibitocinmu ɗan jinya ne yake kwana kusa da gado. Idan ya san alamun da ake tsoro, kamar numfashi sama-sama, da kumburin ciki, da ƙarancin fitsari, da jiƙewar bandeji da jini, da sambatu, zai iya kiran ma'aikaciyar jinya kafin lokaci ya ƙure. Akwai kuma inda tausayin ɗan jinya yake zama illa. Likitoci suna son majiyyaci ya tashi ya taka tun washegari, saboda doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan jinin kuma yana iya tafiya huhu ya kashe mutum nan take. 'Yan'uwa kuwa sukan hana shi motsi don kada ɗinki ya farke. A ɗaya gefen, mace mai ɗinki a ciki takan koma gida ta kama daka da jan ruwa a rijiya tun kafin makonni shida, ko a tilasta mata wankan jego da tafasasshen ruwa a kan raunin da bai warke ba. Wadda aka taɓa yi wa aikin haihuwa kuma, idan ta zauna naƙuda a gida a cikin da ya biyo baya, tabon mahaifarta yana iya yagewa.

4.7 Jinkiri da Takardar Sa Hannu

Hausawa suna cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma da wannan tunani ne mutane da yawa suke auna tiyata, suna ganin ƙin yarda shi ne zaman lafiya. Amma ƙin aikin ma yana da nasa haɗarin, kuma shi ne ba a cika sanyawa a ma'auni ba. Aiki iri biyu ne, akwai wanda aka shirya aka sa masa rana, akwai kuma na gaggawa. A na farko ana auna jini, a daidaita sukari da hawan jini, a tanadi jinin ƙari, mai amosanin jini kuma a yi masa shiri na musamman. A na biyu babu lokacin yin ko ɗaya.

Mai wannan bincike ya ga misalin haka a gidansu. Wani kawunsa manomi ya yi shekaru yana fama da ƙaba, an sha ba shi shawarar ya je a gyara, yana cewa shi ba za a feɗe shi da ransa ba. Wata rana da kaka hanjin ya maƙale ya ƙi komawa, ya kwana biyu yana amai ana ba shi jiƙo, kafin a ɗauke shi zuwa wani asibiti cikin dare. Sai da aka yanke ɓangaren hanjin da ya mutu, raunin ya yi ruwa, ya shafe fiye da makonni uku a kwance, aka sayar da akuyoyi huɗu. Aikin ƙaba da aka shirya kuwa yawanci kwana ɗaya ko biyu ne a sallami mutum. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda aka riƙa ba da labarin a ƙauyen daga baya, cewa tiyata ta kusa kashe shi, babu mai ambaton shekarun da ya yi yana ƙi. Da haka ne tsoro yake haifar da jinkiri, jinkiri ya haifar da mummunan sakamako, shi kuma ya ƙara wa na baya tsoro. Irin wannan ne yake faruwa ga yaron da taifot ya huda wa hanji, da kuma macen da ta ɓoye ƙullutu a mama har ya fashe.

Takardar da ake sa wa hannu kafin aiki ita ma tana ƙara jinkirin, domin an fassara ta da cewa mutum ya yarda ke nan idan an mutu babu ruwan likita. Ba haka abin yake ba. Manufarta ita ce shaida cewa an yi wa majiyyaci bayanin aikin da amfaninsa da haɗurransa da sauran zaɓin da yake da su, ya kuma amince. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya a Nijeriya yin wannan bayani ta yadda majiyyaci zai fahimta, kuma sa hannu ba ya wanke wanda ya yi sakaci. Sai dai a aikace takardar da Ingilishi take, akan miƙo ta cikin gaggawa a nuna inda za a dangwala yatsa. Majiyyaci yana da haƙƙin ya tambaya da Hausa: me zai faru idan ba a yi ba, wane irin maganin barci za a ba shi, ko za a buƙaci jini, kwana nawa zai yi, kuma wa zai duba shi da dare. A doka, baligar mace mai hankali tana iya sa hannu da kanta, amma a al'ada akan jira miji ko uba, wanda a wasu lokuta yana gona ko kasuwar ƙauye ko ya tafi cirani Legas, ita kuwa naƙuda ba ta jira. Saboda haka a wajen awon ciki akan shawarci ma'aurata su yanke tun cikin bai tsufa ba wanda zai sa hannu idan maigida ba ya nan, da mutum biyu da za su ba da jini, da kuma motar da za a kira cikin dare.